Ma'aunin Ruwan Tankari

A ƙasan akwatin Baba, ƙarƙashin takardun haraji,
akwai katako tsawon kamu ɗaya,
bakinsa biyu ɗaure da tagulla.
A tsakiya ƴar kwalba mai koren ruwa,
cikin ruwan ƙwayar iska guda
wadda ta girmi duk mai numfashi a gidanmu.

Ma'aunin magina ne.
A gefensa an karce suna da tsinin wuƙa: Gedis.
Ba Ba'adare ba ne, ba Bagobiri ba.

Kakana Tankari ya shigo da shi Tawa.
Shekarar da fara ta riga mu girbi
ya bi ƴan cin rani kudu, a ƙasa,
ya ƙare ɗaukar dutse wajen wata gadar jirgi.
Can ya tarar da shi.
Bature, amma ba mai yanke hukunci ba,
tafin hannunsa kaushi kamar na kowa,
farce ɗaya baƙi, guduma ta gaisa da shi.
Jan gashi, jan wuya,
leburori suka sa masa Jangwada
don sai ya kaɗa kai sau uku kafin ya yarda da gini.

In an ce masa ɗan Ingila sai ya tsuke fuska.
Shi ɗan Sikotlan ne, in ji shi,
inda rana ke zuwa kamar baƙuwa mai sauri.
Ubansa dutse ya sassaƙa, kakansa ma,
garin dutsen ya zauna musu a ƙirji
har tari ya zama gadon gida.
Su bakwai uwa ta haifa a ɗaki ɗaya.
Biyu teku ta riƙe.
Ƙanwa guda tana feɗe kifi a bakin ruwa,
wasiƙarta in ta zo da ƙarninta take zuwa.

Kaka bai ji Turanci ba,
shi kuma Hausarsa ta sayen ƙwai ce.
Don haka ban san nawa ne nasa
nawa Kaka ya yi wa yaɓe da daddare a zaure.

Zazzaɓi ya kayar da shi kafin gada ta haɗe.
Kwana tara Kaka na kai masa kunun tsamiya.
Ranar da aka ɗora shi a jirgi, kwance,
ya miƙo katakon ta taga.
Ko ya kai gida, ko hanya ta karɓe shi,
babu wanda ya aiko mana.

Da shi Tankari ya tsai da katangu a Bilbis.
Da shi Babana Arzika ya gina ajin lakkal huɗu,
ya kuma rasa aiki biyu
don ɗan kwangila ya ce a rufe ido,
ƙwayar iska ta ce a'a.
Inna Hajo ba ta yafe wa ƙwayar ba har ta rasu,
ta ce ba a tuƙa tuwo da miƙaƙƙen bango.

Ni keken ɗinki ya ɗauke ni.
Ban taɓa aza bulo kan bulo ba.

Bara ƴata Ramatu ta zo hutu daga Yamai,
ta buga sunan a wayarta.
Gedis ɗari, Gedis dubu,
masu sayar da nama, masu gyaran agogo, matattu da hoto.
Ta ce, wanne ne namu?
Namu, ta ce.

Muka fita da shi bayan la'asar,
ta ɗora shi kan katangar da Tankari ya fara ginawa.
Ƙwayar ta yi jim,
ta ɗan gusa gabas, faɗin ƙwayar gero.

Baba na zaune kan buzu, idonsa ya daina gani.
Muka faɗa masa.
Ya ce, ku sake ɗorawa.
Muka sake.
Ya ce, to ƙasa ce ta motsa.